Tallafin noma da tsaida farashin amfanin gona: inda suka samo asali da wanda ke cin moriyarsu

Wani sakataren ƙungiyar manoma daga yankin Madawa, cikin jihar Tawa, ya aiko da tambaya yana cewa kowace shekara da zarar kaka ta yi sai farashin hatsi da wake ya faɗi warwas, haka ma albasa idan aka shiga cirarta, alhali yana jin labari cewa a Turai da Amurka gwamnati ce ke tsaya wa manomi, ta ba shi kuɗi, ta kuma hana farashi faɗuwa. Yana so ya san inda wannan tsari ya samo asali, da abin da ya haifar, da dalilin da ya sa ba a yin irinsa a Nijar.

Malam sakatare, tambayarka ta taɓa abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin na shafe shekaru ina bin kasuwannin Tawa da Badagishiri da Tunfafi da Ƙonni ina rubuta farashin tiya da na buhu, kuma na sha ganin magidancin da ya sayar da hatsinsa a watan Nuwamba ya dawo kasuwar a watan Yuli yana sayen irinsa da tsada. Kafin mu shiga tarihi ya kamata a raba abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Tallafi shi ne gwamnati ta ɗauki wani kaso na nauyin manomi daga baitulmali, ko ta rage masa kuɗin taki da iri, ko ta sauƙaƙa masa bashi, ko ta ba shi kuɗi a hannu. Tsaida farashi kuwa shi ne gwamnati ta yi alkawarin cewa buhu ba zai sauka ƙasa da kaza ba, kuma wannan alkawari ba ya cika da sanarwar rediyo kawai, sai ta fito da kuɗi ta saye duk abin da kasuwa ta ƙi saye a wannan farashi, ko kuma ta toshe ƙofar shigowar kayan waje. A na farko mai biyan haraji ne ke biya, a na biyu kuwa mai cefane ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin.

Tushen matsalar yana cikin ɗabi'ar noma kanta. Mai ƙera garma yana iya rage aiki idan ya ga ciniki ya ja baya, amma manomi ya riga ya shuka tun watanni kafin ya san farashi, kuma dukan manoman yanki suna girbi a lokaci ɗaya, suna da bashi da biki da kuɗin makaranta a lokaci ɗaya. A ɗaya ɓangaren, cikin ɗan Adam ba ya ƙara girma don hatsi ya yi araha, ba ya kuma haƙura don ya yi tsada. Saboda haka ƙaramin rara yakan karya farashi ƙwarai, ƙaramin giɓi kuma ya cilla shi sama. Wannan ne ya sa shekarar albarka takan zo wa manomi da asara, kuma wannan ne ya sa tun zamanin da masu mulki ba su taɓa barin abinci a hannun kasuwa ita kaɗai ba. Kowa ya san ƙissar Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ajiyar shekaru bakwai na yalwa don shekaru bakwai na fari. A ƙasar Sin, tun kafin haihuwar Annabi Isa, daular Han ta kafa rumbunan da ke sayen hatsi idan ya yi araha su sayar idan ya yi tsada. A Madina kuwa, da kaya suka yi tsada aka roƙi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yanke farashi, bai yarda ba, amma ya hana ɓoye abinci don jiran tsada, kuma tun daga nan malamai suke tattauna iyakar inda hukuma za ta sa hannu a kasuwa.

A tarihin Turawa misalin da aka fi ambata shi ne dokokin hatsi na Ingila na shekarar 1815, waɗanda suka hana shigo da alkama daga waje har sai farashin ta gida ya kai wani matsayi mai tsada. Masu manyan gonaki, waɗanda su ne suka cika majalisa, suka ci riba, ma'aikatan masaƙu kuma suka riƙa sayen burodi da tsada, har sai da yunwa ta afka wa Ayalan aka soke dokokin a 1846 ƙarƙashin firaminista Robert Peel.

Amma tsarin da kake jin labarinsa a yau a Amurka aka haife shi, kuma wahala ce ta haife shi. Bayan rushewar tattalin arziki ta 1929 farashin amfanin gona ya faɗi da fiye da rabi cikin shekaru uku, har wasu manoma suka riƙa ƙona masara a murhu saboda ta fi gawayi araha, bankuna kuma suna ta ƙwace gonaki. Da Franklin Roosevelt ya hau mulki a 1933, shi da ministansa na noma Henry Wallace suka fito da dokar da ke biyan manomi don ya rage abin da yake nomawa. A wannan shekara aka kashe aladu kusan miliyan 6, aka kuma bi da garma kan audugar da ta riga ta tsiro a eka kusan miliyan 10, a lokacin da mutane ke layin karɓar abinci a birane. Kotun ƙoli ta soke dokar a 1936, aka sake yin wata a 1938, kuma har yau majalisarsu tana sabunta dokar noma kusan kowace shekara biyar. Akwai wata dabara a cikin tsarin da nake so ka riƙe, domin za mu dawo kanta. Gwamnati takan ba manomi bashi ta karɓi amfanin gonarsa a matsayin jingina, a kan wani farashi da ta yanke. Idan kasuwa ta tashi sai ya sayar ya biya bashin ya riƙe sauran, idan kuma ta faɗi sai ya bar wa gwamnati kayan, bashi ya mutu. Farashin jinginar nan shi ya zama ƙasan da farashi ba ya wucewa.

Abin da ya biyo baya ba a yi nufinsa ba. Da manomi ya tabbata ba zai yi asara ba sai ya ƙara taki da injina a kan ragowar gonar da aka bar masa, rumbunan gwamnati suka cika suka batse, har a 1954 aka yi dokar da ta ba da damar tura rarar zuwa ƙasashe matalauta da sunan taimakon abinci. A kudancin ƙasar kuwa kuɗin rage noma a hannun masu gona ya faɗa, su kuma suka sallami dubban talakawan da ke noma musu bisa rabon amfani, da yawansu baƙar fata.

Turai ta bi sahu bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da mutanenta ba su manta da katin rabon abinci ba. Ƙasashe shida, wato Faransa da Jamus ta Yamma da Italiya da Beljiyam da Holan da Luksambur, suka sa hannu a yarjejeniyar Roma a 1957, kuma a 1962 suka soma manufar noma ta bai ɗaya, wadda ɗan Holan Sicco Mansholt ya jagoranci tsara ta. Hukuma tana saye idan farashi ya sauka, ana ɗora haraji kan kayan waje har su kai tsadar na gida, sannan ana biyan ɗan kasuwa bambancin farashi idan ya fitar da rara zuwa waje. Dole a faɗi gaskiya, tsarin ya cika burinsa na farko, domin Turai ta ƙoshi, manomanta kuma sun samu natsuwar zuba jari. Sai dai bai san inda zai tsaya ba. Zuwa shekarun 1980 ana maganar tsaunukan man shanu da tafkunan giya a ma'ajiyar hukuma, noma kuma yana cinye kusan kashi biyu cikin uku na kasafin ƙungiyar. Aka sa wa madara ƙa'idar yawa a 1984, aka rage farashin da ake lamuncewa a 1992, kuma daga 2003 aka koma biyan manomi bisa faɗin gonarsa maimakon yawan abin da ya noma. A kasafin 2021 zuwa 2027 an ware wa manufar kimanin yuro biliyan 387, wajen kashi ɗaya cikin uku na kasafin Tarayyar Turai ke nan.

Wataƙila ka yi mamakin yadda manoma, waɗanda ba su kai kashi 2 cikin 100 na ma'aikatan Amurka ba, suke da irin wannan ƙarfi. Ƙarancin nasu shi ne ƙarfin. Idan mutum casa'in da takwas suka ɗauki nauyin mutum biyu, kowannensu ɗan abu kaɗan yake fitarwa, ba ya ma lura, su kuwa biyun abin da ke shiga hannunsu yana da yawa, don haka suna da ƙungiya, suna da lauyoyi, suna da tarakta da za su toshe titin birni. A Nijar lissafin a juye yake, tunda wajen mutum takwas cikin goma da noma da kiwo suke rayuwa. Babu yadda biyu za su ɗauki takwas. Wannan ita ce amsa ta farko, kuma mafi ɗaci, ga tambayarka ta dalilin da ya sa ba a yin irinsa a nan.

Game da wanda ke cin moriya, bari in ba ka misali da lissafin da za ka iya yi da kanka. A ce hukuma ta ɗaga farashin buhu da jikka 2. Wanda ya kawo buhu 10 kasuwa ya samu ƙarin jikka 20, wanda ya kawo buhu 1,000 ya samu miliyan 2, wanda kuma amfaninsa bai ishe shi ci ba babu abin da ya samu sai ƙarin tsada ranar da zai saya. Duk tallafin da aka ɗaura wa yawan amfani ko faɗin gona haka yake rabuwa. A Turai alƙaluman hukumarsu da kanta sun nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin yana tafiya ga kashi 20 cikin 100 na masu karɓa. Akwai kuma wata ɓarna da ba a cika gani ba: da zarar an san gona tana jawo kuɗin gwamnati kowace shekara sai farashinta da kuɗin hayarta su tashi, ribar ta koma ga mai ƙasa, saurayin da ke son fara noma kuma ya kasa saye.

Indiya ta fi kusa da halinmu, shi ya sa nake yawan duba ta. A 1965, cikin tsoron yunwa, ta kafa hukumar yanke mafi ƙarancin farashi da kuma hukumar sayen abinci, kuma wannan tare da sabon iri da ban ruwa ya fitar da ita daga dogaro da alkamar Amurka. Wannan nasara ce ta gaske. Amma ko da yake ana sanar da farashin amfani sama da iri 20, alkama da shinkafa ake saye da gaske, musamman a jihohin Punjab da Haryana, kuma wani kwamitin gwamnati ya ba da rahoto a 2015 cewa kashi 6 cikin 100 kawai na manoma ke sayar wa hukuma. Manoman Punjab suka rungumi shinkafa a ƙasar da ruwan samanta bai isa ba, ga lantarkin famfo kyauta, sai ruwan ƙarƙashin ƙasa ya riƙa nisa shekara bayan shekara. Duk wanda ya ga yadda rijiyoyin lambu ke ƙara zurfi a kwarin Tarka ya san abin da wannan ke nufi. Da gwamnati ta taɓa tsarin kasuwar a 2020, manoma suka yi zaman dirshan a ƙofofin Delhi sama da shekara guda har aka janye dokokin a ƙarshen 2021. Tailan kuwa a 2011 ta yi alkawarin sayen shinkafa da farashin da ya zarce na kasuwa nesa, sai shinkafar maƙwabta ta riƙa tsallako iyaka tana shiga rumbun gwamnati, miliyoyin tan suka taru suna lalacewa, ƙasar kuma ta rasa matsayinta na ɗaya a fitar da shinkafa a 2012. Ƙasa mai arziki da ta yi ƙarfin halin janye tallafi kusan baki ɗaya ita ce Niyu Zilan a 1984, kuma bayan shekarun wahala nomanta ya miƙe, sai dai ƙasa ce mai yalwar ciyawa da ƙarancin jama'a, ba a ɗaukar darasinta a kai Abalak yadda yake.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne ɓarnar da ke tsallake teku. Rarar da tallafi ya haifar dole ta samu inda za ta, kuma idan ta fita kasuwar duniya takan danne farashi ga manomin da babu mai tsaya masa. A farkon shekarun 2000 manoman auduga na Amurka, su wajen 25,000, suna karɓar sama da dalar Amurka biliyan 3 a shekara, a lokacin da miliyoyin mutane a Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi ke rayuwa da audugar da suke tsinka da hannu. Ƙasashen nan huɗu suka kai kuka taron ƙungiyar cinikayya ta duniya a Kankun a 2003, taron ya watse ba tare da matsaya ba. Burazil, mai ƙarfin ɗaukar lauyoyi, ta kai ƙara ta yi nasara, kuma a 2014 Amurka ta biya ta dala miliyan 300 aka rufe maganar. Manomin Afirka ko sisi bai gani ba. A Haiti an rage harajin shigo da shinkafa zuwa kashi 3 cikin 100 a 1995, shinkafar Amurka ta mamaye kasuwa, kuma a 2010 Bill Clinton da bakinsa ya amsa cewa kuskure ne, abin ya amfani manoman jiharsa ta Akansas amma ya cutar da Haiti.

Mu a nan ta hanyar madara abin ya fi shigo mana. An haramta biyan kuɗi don fitar da amfanin gona a taron ƙungiyar cinikayya ta duniya na Nairobi a 2015, amma a wannan shekarar ce Turai ta cire ƙa'idar yawan madara, kuma kuɗin da ake ba manomi bisa faɗin gona yana ba shi damar sayarwa da arahar da ba zai iya ba in da babu shi. Garin madarar da aka cire wa mai aka maye da man ja yana shigowa yankinmu cikin manyan buhuna da harajin kashi 5 cikin 100 kawai. Ƙasar da ke da saniyar Azawak, wadda ta yi suna wajen nono a duk Sahel, ita ce ke dama garin madara a Yamai. Ban ɗora laifin duka a kan Turawa ba, domin da rani nonon shanunmu yakan ja baya, da damina kuma yana zubewa a daji saboda babu hanya, babu sanyi, babu mai tattarawa, kuma uwa mai ƙaramin ƙarfi a birni tana amfana da arahar garin. Amma wane ne zai zuba jari wajen tattara nono daga Cintabaradan alhali yana gogayya da baitulmalin Turai?

Yanzu mu dawo gida, domin ba gaskiya ba ne a ce ba a taɓa yanke farashi a Nijar ba. An yi, sai dai yawanci don a karɓa daga manomi aka yi. A 1962 aka kafa SONARA, hukumar cinikin gyaɗa, aka ba ta ikon fitar da gyaɗa ita kaɗai, a lokacin da gyaɗa ce babbar hajar da ƙasa ke sayarwa waje. Ana sanar da farashi kafin kaka, wanda ya ba manomi wata natsuwa, amma bambancin da ke tsakanin abin da ake biyansa da abin da ake samu a waje shi ke tafiyar da gwamnati, kamar yadda hukumomin sayen amfanin gona suka yi a Najeriya zamanin dalar gyaɗa ta Kano, har aka rushe su a 1986. Faransa tana sayen gyaɗar da farashin da ya ɗara na duniya, kuma da ta daina a ƙarshen shekarun 1960, ga fari ga cuta, sai noman ya durƙushe. A 1970 aka kafa OPVN, hukumar kayan abinci ta ƙasa, don ta sayi hatsi da kaka ta sayar da bazara. Niyya mai kyau ce, amma farashin hukuma yakan kasance ƙasa da na kasuwa saboda ana son ma'aikaci da soja da ɗan birni su ci da sauƙi, manoma kuma suka riƙa kai hatsinsu ga 'yan kasuwa a ɓoye. Da kuɗin yuraniyom ya ragu cikin shekarun 1980 aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da asusun ba da lamuni, sai aka taƙaita aikin OPVN ga riƙe rumbun tsimi na ƙasa. Aka ce wa manominmu ya fuskanci kasuwa shi kaɗai, a daidai lokacin da waɗanda suka ba da shawarar suke tara tsaunukan man shanu a gida. Har gobe ina ganin wannan rashin adalci ne.

Duk da haka, idan yau aka ba ni alƙalami aka ce in sa hannu a tsaida farashin hatsi mai tsada a duk ƙasa, ba zan sa ba, kuma ga dalilina. A Adar mafi yawan gidaje ba sa noma abin da zai kai su wata kakar. Suna sayar da 'yan tiyoyi da kaka don biyan buƙata, sannan su yi watanni suna saye da kuɗin 'yan cirani da na dabbar da aka sayar, don haka a lissafin shekara masu saye ne, tsadar hatsi kuma cuta ce a gare su. Ga kuma iyaka mai tsawon kilomita wajen 1,500 da Najeriya. Ranar da buhu ya fi daraja a Ƙonni fiye da Illelar Najeriya, abin da ya faru a Tailan zai faru a nan, kuɗin Nijar ya ƙare wajen sayen hatsin Sakkwato. Haka ma idan aka juya, wato aka danne farashi. Hana fitar da hatsi waje, irin wanda hukumomi suka sanar a watan Oktoba na 2024 in ban da zuwa Mali da Burkina Faso, yana sauƙaƙa wa mai saye, kuma a shekarar tsada ana fahimtar dalilinsa, amma wanda ke da rarar sayarwa shi ke biyan kuɗin wannan sauƙi, kuma idan abin ya daɗe zai rage abin da yake shukawa. Saida hatsi da rahusa ma yana da iyakarsa, wadda muka gani a 2005, lokacin da gidajen da ba su da ko kuɗin rahusar suka jira har damina ta yi nisa kafin a soma rabon kyauta.

Albasa kuwa ba ta ɗaukar irin wannan tsari ko kaɗan, domin abin da hukuma za ta saye ta ajiye dole ya jure ajiya. Idan ta sayi albasar Galmi a watan Afrilu ta jibge a sito, ruɓa za ta yi kafin farashi ya tashi. Kuɗin da za a kashe a nan gara a kashe shi wajen gyara rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya zama mai shan iska, da daidaita girman buhu don kada a riƙa cika shi har wuya a biya kuɗin ƙarami, da rage shingayen da ke tatsar motoci a hanyar Akara da Abijan, domin duk jikkar da direba ya ajiye a hanya daga farashin mai lambu ake cire ta.

Tallafin taki shi ne wanda gwamnatocin Afirka suka fi so, kuma yana iya aiki. Malawi ta soma raba takardun sayen taki da rahusa a 2005, masara ta ƙaru, amma da takin ya yi tsada a duniya shirin ya ci kusan kashi 16 cikin 100 na kasafin ƙasar a shekarar 2008 zuwa 2009. A Najeriya, Akinwumi Adesina lokacin yana ministan noma ya ce kashi 11 cikin 100 kawai na manoma ke samun takin gwamnati, rijiya ta bayar guga ya hana, shi ya sa a 2012 ya koma aika wa manomi saƙo ta wayar salula ya je ya karɓa wurin dillali. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2006 cewa za a kai kilo 50 a kowace hekta, mu kuwa ba mu ko kusanci wannan ba. Na taɓa ganin motar taki ta iso wani gari bayan an gama noman farko, aka sauke, kuma kafin mako ya zagayo buhunan sun bayyana a kasuwar kan iyaka. Tun daga ranar na daina auna tallafi da yawan tan, na koma tambayar ranar da ya iso da hannun da ya shiga. A ƙasa mai rairayi da ruwan sama marar tabbas, dabarar da masu bincike na cibiyar Sadore da na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, suka gwada, ta zuba taki ɗan kaɗan a ramin shuka, giram 2 zuwa 6 gwargwadon irin takin, ta fi dacewa da aljihun talaka. Kuma a jiharmu mun ga abin da kuɗin gwamnati ke yi idan aka zuba shi a ƙasa, domin aikin Keita da aka fara a 1984, da ramukan tare ruwa na tassa da rabin wata da suka bazu a Illela da Badagishiri, sun mayar da fako gona, kuma babu ɗan kasuwar da zai loda wannan a mota ya tsallaka da shi.

Abin da ƙungiyarku za ta iya nema, kuma ta samu, ya fi ƙanƙanta da na Turai amma yana da amfani. Tunda hukuma tana sayen hatsi kowace shekara don rumbun tsimi, ku matsa a riƙa saye kai tsaye daga ƙungiyoyin manoma, a sanar da farashi tun kafin girbi, a zo da kuɗi a hannu cikin Nuwamba da Disamba, domin sayen da aka jinkirta zuwa Maris hatsin ya riga ya koma siton 'yan kasuwa, su za a yi wa alheri, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ku kuma nemi kada a buɗe saida rahusa ko rabon taimako a lokacin da sabon hatsi ke shigowa kasuwa. Sannan ku koma ga dabarar jinginar nan da na ce ka riƙe, wadda ta bazu a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990 ta hanyar wani shiri na hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Manoma suna tara wake ko hatsi a sito mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun asusun ajiya da bashi, a ba su wani kaso na darajar kayan su biya buƙatun kaka ko su yi kiwon turke, sannan a buɗe da bazara. Bambancinta da ta Amurka shi ne babu gwamnatin da za ta karɓi kayan idan farashi ya ƙi tashi, kuma akwai shekarun da yake ƙi, don haka ku fara da wake, wanda tazarar farashinsa ta fi faɗi, ku zuba shi cikin buhu mai leda biyu a ciki saboda ƙwari, kada kuma ku ci bashin da ya kai cikakkiyar darajar abin da kuka ajiye.